Babi na Bakwai: Ƙarar da Ba Ta Fitowa Sai a Tafiyar Sannu

Akwai koke guda da duk makaniken babur ya saba ji, daga masu rumfa a bakin hanya a Furfuri har zuwa manyan garejin cikin Gusau. Mai mashin zai zo ya ce idan ya ba shi wuta lafiya lau yake, amma da ya rage gudu sai ya kama karkarwa, wata ƙara kuma ta riƙa tasowa daga ƙasa kamar ana goga birki, alhali ƙafarsa ba ta kusanci birki ba. Abin da aka saba yi bayan wannan koke shi ne a kwance taya, a saka sabon takalmin birki, a biya kuɗi, a kama hanya. Bayan kwana biyu ƙarar ta dawo. Sai a ɗora laifin kan kayan zamani, a ci gaba da hawa, a riƙa murɗa totur don iska ta rufe abin da kunne ba ya son ji.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe daga wannan babi: kowace ƙara a jikin babur tana da abin da take bi. Ko dai tana bin juyin taya, ko juyin inji, ko zagayen kaca, ko taɓa birki. Wanda ya gano abin da take bi ya gano inda ciwon yake tun kafin a kwance noti ko ɗaya. Ba a buƙatar na'ura don wannan. Kunne da tafin hannu da 'yar natsuwa sun wadatar.

Inda babur ke cin wuyarsa

Furfuri tana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, kusa da Gusau. Babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe, ta ratsa Gusau da Bunguɗu ta nufi Sakkwato, kwalta ce, a kanta babur kan samu ya miƙe. Amma yawancin aikin babur a wannan yanki ba a kan kwalta ake yin sa ba. Ana yin sa ne a hanyar gona, da burji mai gargada, da yashi, da kwazazzaban da ruwan marka ke cikawa, da cunkoson ranar kasuwa. A giya ta ɗaya da ta biyu ake wannan aiki, da buhun masara ko na waken suya a baya, ko goyon mutum biyu, ko mara lafiya da aka tallabe a tsakiya za a kai shi asibiti Gusau.

Mashinan da ke wannan ɗawainiya sanannu ne: Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, mai inji kimanin cc 100 da giya huɗu, da TVS, da 'yan China irin su Jincheng da Haojue. Da yawa daga cikin 'yan Chinan an ɗauko tsarin injinsu ne daga Honda CG125 da aka fitar a 1975. Ta ƙasa kusan duk ƙirarsu ɗaya ce: wili mai sifok, birkin cikin kwano gaba da baya, da kaca mai jan tayar baya. Saboda haka abin da zan faɗa a nan ya shafe su gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa wannan magana nauyi a wajenmu. Shekaru ke nan Zamfara tana fama da 'yan bindiga, har gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a 2021. Mashin da ya tsaya wa mutum tsakanin ƙauye da ƙauye da almuru ya jefa shi cikin abin da ya fi ɓata lokaci muni. Ƙarar da aka raina a ƙofar gida ita ce kan tsayar da mutum a inda ba ya so ya tsaya.

Me ya sa sai a tafiyar sannu?

Dalili na farko mai sauƙi ne. Idan ana gudu, iska da kukan inji da na salansa sukan danne sauran ƙararraki. Ciwon yana nan, kunne ne ba ya kama shi.

Dalili na biyu lissafi ne, kuma shi ne mabuɗin wannan babi. Tayar inci 17 irin ta Boxer tana cin kimanin mita 1.8 a kowane juyi. A gudun kilomita 10 a sa'a tana juyawa sau uku ne a daƙiƙa biyu. A kilomita 20, sau uku a daƙiƙa ɗaya. A kilomita 60 kuwa, sau tara. Idan akwai wuri guda a jikin taya ko kwanon birki da ke gogar wani abu, a tafiyar sannu za ka ji shi ɗaya bayan ɗaya, kamar lugude a turmi, har ka iya ƙirgawa. Da gudu ya ƙaru sai bugun ya haɗe ya zama ɗan gurnanin da ba ka bambance shi da ƙarar hanya. Shi kuwa inji, ko yana sulo, yana juyawa kimanin sau 1,400 a minti, wato fiye da sau ashirin a daƙiƙa. Babu kunnen da ke ƙirga wannan. Don haka duk ƙarar da ka iya ƙirgawa, ka kawar da zargi daga kan inji, ka duba taya da birki da kaca.

Akwai wani abu da wannan lissafi ke warwarewa. Wasu kan ce taya ce ba ta da daidaiton nauyi, gefe ɗaya ya fi gefe. Irin wannan matsala da gudu take bayyana, domin ƙarfin fizgarta yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. A tafiyar sannu kusan ba a jin ta. Jijjigar da ke fitowa a hankali alama ce ta cewa wani abu ya karkace, ko ya kumbura, ko ya saki, ko yana cijewa.

Gwaji biyar kafin a ɗauki sufana

Nemi fili mai laushi inda ba hayaniya, da safe ya fi, ka yi waɗannan gwaje-gwaje bi da bi.

Na farko, tsaya cak, mashin yana firi, ka murɗa totur a hankali. Idan karkarwar ta zo alhali taya ba ta motsa ba, to daga inji take ko daga abin da ke maƙale da shi: notin da ke riƙe inji a jikin firam, salansa, murfin kaca, tanki, ko kariyar baya.

Na biyu, hau ka ɗan yi tafiya, sannan ka kama kuloci ka saki totur, ko ka sa firi ka kashe inji ka bar mashin ya gangara da kansa. Idan ƙarar ta ɗauke, tana wajen inji ko kuloci ko giya. Idan tana nan, tana raguwa yadda gudu ke raguwa, to tana ƙasa. Ka tuna cewa kaca tana ci gaba da juyawa ko inji a kashe yake, saboda haka ba ta fita daga zargi ba tukuna.

Na uku, kana cikin gangarawar nan, ɗan taɓa birkin gaba kaɗai, ka saurara, ka sake shi. Sannan ka ɗan taka na baya kaɗai. Wanda ya canza ƙarar, ya ƙara ta ko ya kashe ta, ya nuna maka tayar da za ka bincika. Tayar kawai ya nuna, bai tabbatar da cewa birkin ne mai laifi ba.

Na huɗu, karkata dama da hagu a hankali kana tafe. Ƙarar da ke ƙaruwa idan ka kwanta gefe ɗaya, ta ragu idan ka koma ɗayan, sau da yawa ta boris ce.

Na biyar, yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu ba tare da ka taka birkin baya ba, ka tsaya da na gaba a hankali, ka kai bayan hannunka kusa da kwanon baya. Daga nan ka maimaita ta ɗaya ɓangaren. Kwanon da ba a taɓa birkinsa ba bai kamata ya yi zafi ba. Idan zafin yana bakin kwano, birki ne ke riƙewa. Idan ya fi yawa a tsakiya, inda sandar taya ta ratsa, boris ne ke ƙonewa.

Duk gwajin da ka yi kai kaɗai, ka sake shi da goyo. Akwai ƙarar da ba ta fitowa sai mashin ya ji nauyi.

Idan birkin ne da gaske

Birkin cikin kwano tsohuwar ƙira ce, ana danganta ta ga Louis Renault na Faransa tun 1902, kuma ta daɗe ne saboda sauƙinta. A cikin kwanon akwai takalma biyu masu lanƙwasa, an manna wa kowanne fata mai kaushi. Tsakaninsu akwai ɗan ƙarfe mai faɗi wanda idan ka taka birki yake juyawa ya buɗe su su matse bangon kwano. Idan ka saki, sifirin biyu su jawo su baya. Duk abin da ya hana su komawa, birki zai riƙa goga kana tafe.

Abin da ya fi jawo haka shi ne ɗaure birki fiye da ƙima. Masu hawa da yawa suna son birki mai kamawa da an taɓa, sai su matse notin da ke ƙarshen sandar birki har wasa ya ƙare. Ƙa'idar da kamfanoni ke bayarwa ga irin waɗannan mashina ita ce fedar ƙafa ta sami wasan santimita 2 zuwa 3 kafin birki ya fara kamawa, na hannu kuma santimita 1 zuwa 2. Wasan nan yana da aiki. Idan aka ɗora lodi, bayan mashin yana sauka, kusurwar sandar birki ta canza, birkin da ba shi da wasa ya fara riƙewa da kansa. Haka kuma duk lokacin da aka ja tayar baya don a ɗame kaca, an ƙara jan sandar birki ke nan. Mutum zai je a gyara masa kaca, ya dawo gida da ƙarar birki, ya rasa daga ina ta fito. Wanda ya ɗame kaca, wajibi ne ya sake saita birkin baya a nan take.

Na biyu shi ne cijewar ɗan ƙarfen nan mai buɗe takalma. Ruwan kwazazzabo ya shiga da damina, ƙurar hunturu ta biyo baya, tsatsa ta kama shi, sai ya buɗe ya ƙi komawa. Za ka gane haka idan ka taka birki ka saki, hannun da ke jikin kwano bai koma da sauri ba sai ka tura shi da yatsa. Maganinsa a zare shi, a goge, a shafa masa giris ɗan kaɗan, a kula kada ko ɗigo ya taɓa fatar takalmi. Sifirin da ya saki ko ya karye a canza shi.

Na uku, ƙura da sulɓi. Fatar da ta sha zafi takan yi ƙyalli, maimakon ta kama kwano a natse sai ta riƙa kamawa tana kuɓucewa sau da yawa a daƙiƙa guda. Wannan shi ne kukan nan mai tsini da ake ji dab da tsayawa. Ana goge ƙyallin da samfefa, a share kwanon da jiƙaƙƙen tsumma. Ina roƙon makanikai da yaransu su daina hura ƙurar birki da baki. Har yanzu akwai takalman birki masu araha da ake haɗawa da asbestos, ƙurarsa kuma tana jawo cutar daji a huhu, shekaru bayan an shaƙe ta.

Na huɗu, kwanon da ya daina zama da'ira, ko don zafi, ko don an ɗaure sifok wani gefe ya fi wani. Alamarsa fedar birki ta riƙa bugun tafin ƙafarka a kowane juyin taya. Sabon takalmi ba ya warkar da wannan.

Na biyar shi ne mai haɗari: fatar ta cinye har ƙarfe yana cin ƙarfe, ko ta ɓare daga jikin takalmin. Fatar da kaurinta bai kai milimita 2 ba ta gama aiki. Wadda ta ɓare kuwa tana iya shiga tsakanin ɗaya takalmin da kwano ta kulle taya ana cikin tafiya. Haka nan a duba ƙarfen da ke riƙe murfin birkin baya don kada ya juya tare da taya. Idan notinsa ya saki za a ji ƙwal duk lokacin da aka taka birki, idan ya fita gaba ɗaya kuwa, sai dai Allah ya kiyaye.

Akwai ƙarar da ba ta da illa. Mashin da ya kwana a raɓa ko ya sha ruwan sama, birkinsa kan yi ɗan kuka da safe saboda siririyar tsatsa, ta goge bayan tsayawa biyu ko uku. Ita wannan a ƙyale ta.

Birki mai riƙewa yana cin aljihu ta wata hanyar. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, babu ɗan kabu-kabun da ba ya lissafin kowane ɗigo. Mashin da birkinsa ke goga yana shan man da ba ya kai kowa ko'ina.

Mai kwaikwayon birki

Na taɓa zama a rumfar wani dattijon makanike a ƙarƙashin dogon yaro, wani saurayi ya turo Boxer ɗinsa.

"Baba, birkin baya ne ya dame ni. Na canza takalmi bai daina ba. A sa mini wani mai kyau."

"Ɗora shi kan ƙafar tsakiya tukuna, ɗana."

Dattijon bai taɓa akwatin kayan aikinsa ba. Ya tsuguna, ya juya tayar da hannu, ya karkata kai yana saurare. Sannan ya kama tayar da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya tura nan ya jawo can. Ta yi ɗan motsi da wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas. Ya ɗauki doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a kan notin sandar taya, ya manna ƙotar a kunnensa, ya ce wa yaronsa ya juya. Daga nan ya miƙa wa saurayin ƙotar.

"Saurara da kanka. Mi ka ji?"

"Kamar tsakuwa ake niƙawa, Baba."

"To birkinka ba shi da laifi. Boris ne ya mutu."

Da aka zare tayar, ga shaida a fili: gefen kwanon ya yi ƙyalli a wuri ɗaya inda yake gogar murfin birki, boris ɗin kuma ya bushe, yashi ya maye gurbin giris.

Wannan shi ne abin da ya fi ruɗar mutane. Taya tana zaune ne a kan boris biyu. Idan ɗaya ya ci, kwanon yakan ɗan kwanta gefe, ya riƙa taɓa takalmi ko murfi. Ƙarar ta birki ce tsaf, kuma idan ka taka birki takan ɗauke, domin takalman sun daidaita kwanon na ɗan lokaci. Shi ya sa na ce gwaji na uku tayar kawai yake nunawa. Abin da ke kashe boris a yankinmu sananne ne: ratsa ruwa mai yashi, wanke mashin da ruwa mai ƙarfi ana fesa wa tsakiyar taya, lodi fiye da ƙima, da kaca mai tsananin ɗauri. Idan za a canza, a canza biyun tare, a duba lambar da ke jikin tsohon, irin su 6301 ko 6202, a sayo mai murfin roba a ɓangarorin biyu. A tabbata an mayar da ɗan bututun ƙarfen da ke tsakaninsu, domin idan babu shi, ɗaure sandar taya kaɗai ya isa ya kashe sabon boris. Wajen saka shi kuma, a bugi zoben waje, kada a bugi na ciki.

Kaca da haƙoranta

Kaca tana da nata salon bugu. Tsawonta ya kai kusan ninki uku na faifan haƙoran baya, saboda haka idan gaɓa ɗaya ta cije, za ka ji bugun sau ɗaya a kusan kowane juyi uku na taya. Sa wa taya alama da alli, ka juya ta a kan ƙafar tsakiya kana ƙirgawa. Bugu a kowane juyi na taya ne ko kwano ko faifan baya. Bugu a juyi na uku na kaca ne.

Kaca ba ta cin jiki daidai. Wani wuri yakan miƙe fiye da wani, sai ta riƙa ɗamewa tana sakewa, mashin ya riƙa fizga a tafiyar sannu kamar ana taɓa masa birki ana saki. Don haka a juya taya a nemo inda kacar ta fi ɗamewa, a nan za a auna wasanta, ya zama santimita 2 zuwa 3 sama da ƙasa. Mai ɗaukar lodi ya bar ta wajen uku, domin nauyi yana ƙara ɗame ta. Kaca mai tsananin ɗauri tana gurnani, tana cin boris na taya da na cikin giya. Mai sako-sako kuma tana dukan murfinta, tana iya zamewa daga haƙora ta naɗe.

A duba haƙoran. Idan sun yi tsini sun lanƙwashe gefe ɗaya, a canza kaca da faifan gaba da na baya a tare, domin sabuwar kaca a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. A duba alamomin da ke gefe biyu na wurin jan taya, su zo daidai, don kada tayar ta zauna a karkace. Sannan a riƙe taya a jijjiga faifan baya gaba da baya. Idan yana wasa da yawa, robobin da ke cikin kwano masu shanye fizgar inji sun mutu, su ne ke sa a ji ƙwal wajen tashi da wajen sakin totur.

Baƙin man da aka juye daga inji shi aka fi zuba wa kaca. Ya fi barin ta a bushe, amma idan murfin kaca ya fita, man yakan kwashi yashi ya zama abin da ke cinye ta. A mayar da murfin, a wanke kacar da kananzir lokaci-lokaci. Kuma kada a kuskura a shafa wa kaca mai ko a goge ta inji yana aiki giya a ciki. Yatsu da yawa sun tafi ta wannan hanya.

Taya, wili da wuyan mashin

Ɗaga tayar ka juya ta, ka riƙe alli ko gawayi dab da bakin wili ba tare da hannunka ya motsa ba. Inda allin ya taɓa, nan wilin ya karkace. Abin da ya wuce milimita 2 yana buƙatar mai gyaran sifok. Bi sifok ɗaya bayan ɗaya da sufana kana ɗan bugawa: mai ɗauri yana amsawa da ƙara mai zaƙi, wanda ya saki kuwa ƙararsa a dushe take.

A gefen kowace taya akwai siririn layi da ya kewaye ta dab da bakin wili. Ya kamata tazararsa ta zama ɗaya ko'ina. Idan ya nutse a wani wuri, mai faci bai zaunar da tayar daidai ba, kuma mashin zai riƙa ɗingishi a kowane juyi. Haka kumburin da rami ya jawo, ko guntun tsohuwar taya da aka cusa ciki don toshe yaga. Tayar gaba da ta kumbura ba a lallaɓa ta.

Kada a manta da ƙananan abubuwa: busasshen laka a cikin madigadi, kara ko leda ko igiyar ɗaurin kaya da ta naɗe a sandar taya, madigadin da ke taɓa taya idan an yi lodi saboda shokazoba ta mutu, da 'yar giyar agogon gudu a tayar gaba wadda kan yi kuka idan ta bushe. Daga ƙarshe ɗaga gaban mashin ka juya kansa dama da hagu. Idan yana cijewa a tsakiya, ko ka kama birkin gaba ka tura ka ji ƙwas a wuya, boris na wuya ne.

Abin da hannun mai hawa ke jawowa

Wata karkarwar ba ciwo ba ce, tuƙi ne. Don tsimin mai, wasu kan bar mashin a giya ta huɗu suna tafiyar da ba ta fi ta keke ba. Injin silinda ɗaya irin na Boxer yana bugu sau ɗaya ne a juyi biyu, idan juyin ya yi ƙasa sosai sai kowane bugu ya fizgi kaca, mashin ya riƙa kakkafewa. Sauko giya ɗaya ko biyu. Idan abin ya ɗauke, babu abin da za a gyara sai ɗabi'a, kuma wannan tsimi yana ƙarewa ne a kuɗin kaca da na inji. Jijjigar da ba ta zuwa sai daidai lokacin sakin kuloci wajen tashi, ita kuma ta faifan kuloci ce ko wayarsa.

Wanda ake jinkirtawa da wanda ba a kwana da shi

Kukan birki na safe, da murfin kaca mai kaɗawa, da ƙarar agogon gudu, suna iya jiran ranar da aka samu sarari. Amma abubuwa biyar ba a ɗaukar kowa a kansu, ko da tafiyar ta kusa ce: taya mai wasa gefe da gefe, kwanon da ya yi zafi ba a taka birki ba, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, tayar da ta kumbura, da ƙarfen riƙe murfin birki da ya saki. Ɗan kabu-kabu ya tuna cewa wanda ya hau bayansa amana ya ba shi, bai kuma san abin da kunnen mai mashin ya ji ya yi shiru ba.

Idan ka je wurin makanike, kada ka gaya masa abin da zai canza. Gaya masa abin da ka ji: daga gaba ko baya, ana ƙirgawa ko ba a ƙirgawa, da goyo ko ba goyo, ya ɗauke da ka kama kuloci ko bai ɗauke ba. Makanike na ƙwarai zai ji daɗin wannan bayani, zai kuma nuna maka ciwon da hannunka kafin ya kwance. Ka nemi a ba ka tsohon kayan ka gani. Wajen saye kuma, kayan babur da ke zuwa mana daga Nnewi da Legas da Kano hawa-hawa ne, akwai nagari akwai jabu a kwali iri ɗaya. Araha ba ta ado, balle a kan boris da takalmin birki.

Wanda ya mayar da gwaje-gwajen nan biyar al'adarsa, sau ɗaya a mako kafin ya fita aiki, zai riƙa kama yawancin waɗannan matsaloli tun suna na kuɗi kaɗan. A babi na gaba za mu buɗe kwanon birkin da kanmu, mu bi shi daki-daki, daga zare sandar taya har zuwa saita feda.